Bushta Mai Ɗaukar Amare

Duk wanda ya hango Mu'allim Bushta ta baya, ba sai an gaya masa sana'arsa ba. Kafaɗarsa ta hagu ta lotsa, ta fi ta dama sauka da kusan yatsu uku, har telan da ke ɗinka masa jallabiya ya daina gwada shi, ya riga ya san inda zai rage. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana ɗora amaren birnin Tanja a kan wannan kafaɗa. Ya ɗauki sirara, ya ɗauki masu jiki, ya ɗauki wadda ta yi ta kuka har aka sauke ta, ya ɗauki wadda ke ɗaukar kanta hoto a waya tana bisa kansa. Akwai gidajen da ya ɗauki uwa, bayan shekara ashirin da 'yan kai ya koma ya ɗauki 'ya. Ko ɗaya bai taɓa kayarwa ba, kuma in ka zauna da shi minti biyar a gidan shayin unguwar Bani Makada, sai ya gaya maka haka.

Ba gadon sana'ar ya yi ba. Daga wani ƙauyen kan dutse ya gangaro yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya kama dakon kifi a tashar jiragen ruwa. A nan wani tsohon mai ɗaukar amare ya gan shi yana ratsa daɓe mai santsi da akwatin sardin biyu a kafaɗa, idonsa na kan 'yan matan da ke wucewa, ƙafarsa kuwa ko gezau. Tsohon ya ce ya je ya wanke ƙarnin nan ya same shi a gida.

Karatun ba shi da yawa, amma da zafi. Mutum huɗu ne ke ɗaukar karagar amarya, kowa da kusurwarsa. Sai a ɗora kofin shayi cike a inda amarya za ta zauna, a ɗaga, a zagaya tsakar gida ana rausayawa daidai da kiɗa. In shayi ya zube, an sha mari. Sai kuma doka guda da ta fi marin nauyi: ba a duban ƙasa. Masu ɗaukar makara ne ke tafiya kai a sunkuye. Wanda ya ɗauko amarya ya sunkuyar da kai, danginta za su ce ya yi mata mugun fata, mu kuwa mutanen nan ba ma mance irin wannan, ko bayan shekara goma auren ya sami tangarɗa sai an tuna da shi. Saboda haka ƙafa ce ke gani. Ita za ta san inda darduma ta naɗe, inda aka zubar da lemo, inda wayar mai hoto ta gitta. Kai yana sama, haƙora a waje, ko da bayan mutum yana tsagewa.

Bushta ya haddace wannan, ya zama mu'allim, ya riƙe kusurwar gaba ta dama, wadda ke ba da taki. Shekara ashirin da biyar yana aiki ƙarƙashin Lalla Mannana mai shirya amare, mace mai zobe a kowane yatsa da harshe kamar almakashi. Kullum cikin faɗa suke, amma ba wanda ya taɓa neman wani ya maye ɗan'uwansa.

Ya gaji dai, gajiya irin wadda barci ba ya taɓawa. Kowace safiya sai matarsa Zuhura ta murza masa man zaitun a kafaɗa kafin ya iya ɗaga cokalin bisara, faten wakensu na karin kumallo, zuwa bakinsa. Bikin ma ba na da ba ne: kiɗa ya koma kamar ana rushe gini, ga injin hayaƙi, ga amarya ta sauya kaya sau bakwai ta ce a ɗaga ta sau uku. Ba abin da yake so a duniya irin ya rataye farar alkyabbarsa, ya sami dutse a bakin teku ya zauna da ƙugiya, ko kifi ya ci ko kar ya ci. Har sandar kamun kifin ya saya, tana bayan ƙofa cikin ledarta. Ya yanke cewa da zarar bukukuwan bazarar bana sun ƙare, zai miƙa kusurwar gaba ga ɗansa Nawfal.

Nawfal shekararsa ashirin da shida, dogo ne mai faɗin ƙirji, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar. Shekara shida yana kusurwar baya ta dama, daidai bayan ubansa. Bushta yana alfahari da shi a kan abu biyu: takinsa, da tsabtar bakinsa. In Nawfal ya dawo daga yawon samari, uban kan rungume shi, ba don ƙauna kaɗai ba, har da shinshinawa. Bai taɓa jin warin giya ba, bai taɓa jin hayaƙin wiwi ba, ido kuma fari tas. Zuhura takan tsinci saɓulallun balan-balan a aljihunsa in za ta yi wanki, sai ta zubar. Mutumin da ke wuni a gidajen biki, mene ne abin mamaki don an ga balan-balan a aljihunsa?

A watan Maris ne Lalla Mannana ta kira Bushta shagonta. Ko zama ba ta ce ya yi ba, ta tura masa waya a hanci.

"Mu'allim, wa ya rasu? Gaya mini in je gaisuwa."

Hoton bikin Asabar ne. Amarya na sama tana ɗaga hannu, maza uku suna washe baki, na huɗun kuwa, Nawfal, haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji.

"Uwar amarya ta kira ni sau uku," in ji ta. "Na rantse mata da kabarin ubana cewa tari ne ya sarƙe shi. Ubana bai yi mini laifin komai ba, kar ka sa in sake tayar da shi."

Bushta ya fita kunnuwansa na zafi. Ya tarar da Nawfal a kan soro yana shanya alkyabbu.

"Me ka yar a ƙasa ran Asabar?"

"Ban yar da komai ba, Baba."

"In zobe ne gaya mini, mu koma da tsintsiya in taya ka nema."

"Takalmin ne, Baba. Kamar ya yi mini yawa. Sai in ji kamar a kan auduga nake takawa."

"Auduga! To ranka ya daɗe, mu da muka yi shekara arba'in a kan tsakuwa muna taya ka murna."

Ya saya masa sabon takalmi, sannan ya mayar da shi aji ɗaya. Kowace hantsi su hau soro, ya ɗora masa faranti a ka, ya yi ta zagaye, uban na tafa masa taki yana cewa, "Ɗaga kai! Gawa ka ɗauko?" Nawfal bai yi musu ba ko sau ɗaya. Ya koyi riƙe kai a miƙe yana saukar da ƙwayar ido kawai, ya kuma fara buga ƙafa da ƙarfi a ƙasa, tim, tim, don ta haka ne kaɗai yake jin ta sauka. Bushta ya ji wannan bugun ya ji daɗi.

"Yauwa! Yanzu ka fara taka ƙasa kamar namiji."

Akwai wanda ya san ba lafiya ba: Layashi, tsohon abokin Bushta da ke kusurwar baya ta hagu, kafaɗa da kafaɗa da Nawfal. Shi yake jin karaga tana zamowa wajensa a kowace kwana. Amma masu wannan sana'a suna da wata al'ada da suke ji da ita: in na kusa da kai ya raunana, kai za ka tallafe, kuma ba a kai ƙara. Bushta da kansa ya taɓa tallafe Layashi wata uku lokacin da ƙabar ciki ta kama shi. Don haka Layashi ya cije ya ƙara ɗaukar nauyi, yana ganin alheri yake yi, har wata biyar.

Ranar da abin ya tonu, walimar mata ce bayan la'asar, a watan Agusta, cikin wani zaure mai labule masu kauri. An ɗora amarya, an ɗaga, an fara guɗa. Sai mai hoto ya ga dama ya ce a kashe fitilu duka, a bar guda ɗaya a kan fuskar amarya. Aka kashe. Taki uku suka yi a cikin duhu, Bushta ya ji bayan karaga ya nutse. Bai waiwaya ba. Ya lanƙwasa gwiwa a hankali kamar mai yi wa taro gaisuwa, na gefensa ya bi shi, Layashi ya rungumi sandunan baya biyu shi kaɗai, suka dire karaga a ƙasa. Kambin amarya ya ɗan karkace, ta gyara abinta. Mata suka ɗauka sabon salo ne, suka ƙara guɗa.

Da aka kunna fitila, ga Nawfal zaune dirshan a kan darduma, kansa a miƙe, har yanzu yana murmushin aiki.

"Tashi," in ji Bushta ta tsakanin haƙora.

"Baba, ban san inda ƙafata take ba."

Likitar da ta duba shi washegari mace ce mai furfura, da ganin idonta ita ma ba ta ƙoshi da barci ba. Ta sa shi ya tsaya ya haɗe ƙafafu ya rufe ido. Kafin ta ƙirga uku ya tafi luu, sai da Bushta ya tare shi. Ta kwantar da shi, ta kama babban yatsan ƙafarsa tana ɗagawa tana saukewa, ta ce ya faɗi sama ne ko ƙasa. Ya yi ta canka yana kuskurewa. Sai ta ajiye biro.

"Tulu nawa a mako?"

Bushta ya dubi wannan ya dubi wancan. Tulun me? Likita ta tambayi Nawfal ko yana so mahaifinsa ya fita. Ya ce a bar shi, ai ya gaji da ɓoyo. Ya ce uku, wani makon huɗu.

Nan Bushta ya ji labarin balan-balan. Iska ce ta cikin tulun ƙarfe, wadda masu kek ke kumbura kirim da ita. Samari su cika balan-balan su zuƙa, kai ya yi sama, a ƙyalƙyale da dariya, minti ɗaya ta sake ka. Ba wari, ba jan ido. Nawfal ya fara ne a wuraren rawa na bakin teku, ɗaya ko biyu cikin abokai. Daga baya ya koma yi shi kaɗai a cikin mota da rana tsaka.

"Amma ina shan bitamin kullum, likita," in ji shi. "Kowa ya ce in kana shan ƙwayar ba abin da zai same ka."

"Kowa," in ji ta. "Wannan Kowa ɗin shi ya cika mini gadaje."

Ta juya ga Bushta ta yi masa bayani dalla-dalla. Jijiyoyin mutum suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma akwai wani bitamin da ke kula da rufin. Iskar nan kashe bitamin ɗin take yi a cikin jiki. Muddin ana zuƙa, haɗiyar ƙwaya zuba ruwa a kwando ne. Rufin ya yi ta zaizayewa tun daga yatsu har cikin laka, saƙon ƙafa ya daina isa kai, sai mutum ya koma neman ƙafarsa da ido.

"Yaushe ya fara duban ƙasa in yana tafiya?"

Bushta ya tuna hoton nan na bikin Asabar. Ya ce, "Maris."

"Da a lokacin ya daina aka fara masa allura, da yawa irinsa suna warwarewa. Yanzu ma za mu yi iya yinmu. Ina sa ran zai yi tafiya. Kaya a kafaɗa kuwa, Baba, kar in yi maka ƙarya."

Suka shiga tasi suka kama hanyar gida. Bushta yana jiran fushi ya zo, don fushi ya fi sauƙi, amma bai zo ba. Kunya ce ta zo, da nadama mai ɗaci. Wata biyar ƙafar yaron tana neman agaji a gabansa, shi kuwa ya ɗora masa faranti a ka.

"Me ka samu a ciki?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Dariya kawai, Baba." Nawfal ya juya fuska wajen taga. "Daga baya ma ba dariyar."

Biki ba ya jiran mara lafiya. Layashi ma bayansa ya riƙe, ya kwanta, yana aiko da ban haƙuri. Dole Bushta ya ɗebi sababbin samari, biyar, don a riƙa karɓa-karɓa. Yanzu da idonsa ya buɗe, sai ya ga tulunan nan ko'ina: a bayan gareji, a gindin katangar makaranta, cikin kwata. Shekara nawa yana tsallake su yana zaton na kashe gobara ne. Da farko ya tara samarin ya sa su dafa Alƙur'ani. Duka biyar suka rantse, ba ko ƙifta ido. Mako biyu bayan haka ya tsinci balan-balan a cikin motar kaya. Ya zauna a bakin motar ya daɗe yana jujjuya shi a hannu. Ya gane abin da rantsuwar ta saya masa: ƙarin mutum biyar da za su ɓoye masa ƙafafunsu.

Sai ya koma wurin likitar, ya jira ta awa biyu a kan benci, ya ce ta koya masa abin da ta yi wa Nawfal. Tun daga nan, duk ranar Alhamis da hantsi, samarin kan hau soron Bushta su tuɓe takalma. Kowa ya haɗe ƙafa ya rufe ido, shi yana ƙirga talatin. Sannan ya durƙusa, da gwiwarsa mai ƙara, ya kama yatsunsu ɗaya bayan ɗaya.

"Sama ko ƙasa?"

"Sama. Mu'allim, ko matata ba za ta riƙe mini ƙafa haka ba."

"Wace mace za ta kusanci wannan ƙafar? Yaushe rabonka da sabulu?"

In an gama dariya sai ya yi musu maganarsa, kusan kullum iri ɗaya, da muryar wanda ya gaji da faɗa.

"Ni dai so nake ku bari. Ku sauka ƙasa ku leƙa ɗaki ku ga dalili. Amma na san kanku, wani a cikinku zai fita nan ya je ya yi. To wanda ya ƙi ji, kar ya yi a tsaye, kar ya yi a bayan sitiyari, kar ya kulle kansa shi kaɗai. Kar wanda ya kafa baki a tulu ko ya rufa leda a fuska, wannan ba gurgunta ba ce, kabari ne. Kar a haɗa da giya. Kuma duk wanda ya ce muku ƙwayar bitamin tana karewa, ku turo mini shi. Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: ranar da ka ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarka ko a yatsun hannunka, ranar za ka tsaya cak, ka zo ka gaya mini. Ba zan kore ka ba, ba zan gaya wa ubanka ba. Asibiti zan kai ka."

Labari ya kai kunnen Lalla Mannana, ta tare shi a ƙofar shago.

"Na ji ka buɗe makaranta. Koya musu shaye-shaye kake yi da furfurarka?"

"An riga ni, Lalla. Malamansu sun fi ni ƙwarewa. Ni abin da ya rage nake tsincewa."

"Ka kori duk wanda ka kama, a huta."

"In na kore shi, gobe yana ƙarƙashin karagar wata, da 'yar mutane a kansa."

Ta yi tsaki, ta ce shi ya sani. Amma Alhamis ɗin da ta biyo ta aiko da direbanta ma a duba shi.

A watan Nuwamba ɗaya daga cikin samarin, Rida, ya tsaya bayan kowa ya sauka, yana ta murza yatsunsa. Ya ce kwana huɗu ke nan maɓallin riga yana ba shi wuya. Bushta ya ɗauki hularsa suka tafi asibiti. Bayan wata biyu Rida ya dawo bakin aiki garau. Bushta ya yi murna, Allah ya sani ya yi murna. Amma ranar bai iya cin abincin rana ba, don ya ga da idonsa yadda abin yake da sauƙi in an zo da wuri.

Nawfal ya bar keken guragun da asibiti suka ba shi cikin hunturu, ya koma kan sanda. Mai gashin ƙashi ta ce ya riƙa tattaki kullum, ya yi amfani da idonsa, tunda ido ne zai yi masa aikin da ƙafa ta daina. Saboda haka kowace safiya Bushta kan sauko da shi zuwa lungunsu, daga ƙofar gida zuwa gidan burodi su dawo. Yakan shiga ƙarƙashin hammatarsa ta dama. Lotsattsiyar kafaɗar nan ta zauna a wurin daidai, kamar an auna.

Ran nan da safe maƙwabta sun fito, mata na kai ƙullun burodi gashi, masu gidan shayi na fitar da kujeru. Nawfal ya gan su, ya miƙe wuya, ya ɗaga haɓa, ya saki murmushin nan na aiki. Taki biyu, ƙafarsa ta hagu ta harɗe da ta dama, nauyinsa duka ya sauka a kan uban. Bushta ya ji zafin har cikin haƙoransa.

"Dubi ƙasa," in ji shi.

"Baba, mutane na kallo."

"Su kalla."

"Kai fa ka ce..."

"Na san abin da na ce." Ya gyara masa tsayuwa. "Sunkuyar da kai, ɗana. Dubi ƙafarka. Ga ta nan. Dama. Yauwa. Hagu."

Suka tafi a hankali, su biyu, kawunansu a sunkuye, har gidan burodi suka juyo. Bushta bai bari sun ƙara zagaye na biyu ba. Akwai biki bayan la'asar, amarya ce mai jiki, kuma bai goge alkyabbarsa ba tukuna.